Man saiwar likoris: kwalbar farko ta yi min rana, ta biyu ta ƙona ni

Tabon ƙuraje ne ya kai ni gare shi. Tun bayan haihuwata ta uku kumatuna suka yi baƙi, ni kuma na yi alƙawarin ba ni ba man bilicin, don na ga yadda ya lalata fuskar ƙanwata. A kantin magani na sayi ƴar kwalba mai ɗigo, a bayanta an rubuta Glycyrrhiza glabra, wato likoris. Ashe irkus-sus ne, saiwar nan mai zaƙi da ake samu wajen masu magungunan Musulunci.

Kwana biyu na gwada a bayan kunne, ba ƙaiƙayi. Sati uku shiru, har na fara jin haushin kuɗina. A sati na bakwai maƙwabciyata ta ce, "Maman yara, me kike shafawa ne? Tabon nan ya dusashe." Kalata tana nan yadda Allah ya yi ni, tabon ne kawai ya ja baya. Sinadarin gilabridin da ke cikin saiwar a hankali yake rage baƙin da fata ke fitarwa.

Da kwalbar ta ƙare sai na ga wata mai haɗa mayuka tana tallar "haɗin likoris" a roba, da araha, ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da ke ciki. Kwana tara fuskata ta yi fari fat ta bar wuyana. Sati uku kuwa, in na tsaya gaban murhu kamar an watsa min barkono, ga ƙananan jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa. Likitar fata tana kallona ta ce, "Hajiya, likoris ba ya wannan saurin, da wuya in babu sitiroyid a ciki, maganin nan mai ƙarfi da ke lalata fata in an yawaita shafa shi." Na kira mai haɗa man, wai "Anti, fatarki ce take sabawa, ki ƙara shafawa." Wallahi har yau in na tuna maganar nan raina ɓaci yake.

Likitar ta kuma hana ni jiƙa saiwar in sha, don yawan shanta na tayar da hawan jini, kuma yana da haɗari ga mai ciki.

Yanzu na koma kwalbar kanti, da man kariyar rana kullum safe. Ita ma fa tana da nata, ƴar mitsitsiya ga tsada, shi ya sa ma na waiwayi ta roba. Tabon ya fi da duhu, wata guda ke nan ina jira ya sake dusashewa.