Gidan kallon Mabera da ke nuna ƙwallon Ostireliya, da gardamar cunkoso da ake yi a cikinsa

A Mabera, bayan layin masu walda, akwai wani gidan kallo da ya kawo abin da ban taɓa gani a Sakkwato ba. Da yamma kamar kowane gidan kallo yake, Firimiya da Laliga da ihun magoya baya. Da safe kuwa, Juma'a zuwa Lahadi, daga watan Maris har ƙarshen Satumba, ƙwallon Ostireliya yake nunawa, gasar da ake kira AFL. Kuɗin shiga naira 200 ne, har da ruwan leda ɗaya. Mai gidan matashi ne. Yayansa da ya yi karatu a Melbourne shi ya cusa masa son wasan, kuma shi ke biya masa kuɗin kallo ta intanet duk shekara.

Ni malamin motsa jiki ne, kuma na daɗe ina busa wa yara wasa a filin makaranta da na unguwa. Saboda haka a kowane wasa, doka ce ke fara jan hankalina: wa ya kafa ta, me aka so ta gyara, kuma ta gyara ɗin ko kuwa. A nan wannan gida ya burge ni.

Sa'a tara ce tsakaninmu da Melbourne a yawancin kakar wasa. Wasan da suke bugawa da dare, wajen bakwai da rabi, a nan ƙarfe goma da rabi na safe yake kamawa. Asabar ita ce ranar da ta fi daɗi, don akan samu wasa tun bakwai da rabi na safe, a kuma ci gaba har azahar. Mai ƙosai da kunu tana bakin ƙofa, mai shayi yana tsallaken hanya. Majigi yake haskawa a bangon da ya shafa wa farin fenti, hoton ya fi na kowace talabijin girma. Wannan ba ado ba ne a wurin wannan wasa. Filin ƙwai ne, tsawonsa kan kai mita 160 ko fiye, mutum 18 kowane ɓangare, 36 ke nan a fili. A ƙaramin allo ba abin da za ka gani sai ƙura.

Ga wanda bai san wasan ba: turaku huɗu ne a kowane ƙarshen fili, babu raga. In ka buga da ƙafa ta wuce tsakanin manyan biyu na tsakiya, maki 6. In ta bi ta gefe, maki 1. Ana gudu da ƙwallo a hannu, amma sai an buga ta da ƙasa duk mita 15. Ba a jefa wa abokin wasa, sai dai a ɗora ta a tafi a nausa. Wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo daga nisan mita 15 kafin ta taɓa ƙasa, ya samu bugu ba mai taɓa shi. Kuma babu satar gida. Kowa na iya zuwa ko'ina a kowane lokaci, kuma daga nan rigimar ta samo asali.

Da ɗai kowa wurinsa yake tsayawa, mai gaba yana gaba, mai baya yana baya. Da 'yan wasa suka zama ba su da wata sana'a sai wannan, ƙarfin gudunsu ya ƙaru, sai masu horarwa suka gane cewa ba abin da ya hana su kwaso kowa su jibge inda ƙwallo take. A 2000, Essendon wasa ɗaya tak ta rasa duk shekara, kuma Western Bulldogs ta Terry Wallace ce ta doke ta, ta hanyar cika bayanta da mutane har ba wurin da ƙwallo za ta sauka. A 2005 Sydney ta Paul Roos ta ɗauki kofi da ci 58 da 54 a kan West Coast, a shekarar da shugaban hukumar gasar na lokacin, Andrew Demetriou, ya fito fili ya kushe salon wasanta. Tun da aka ga salon yana kawo kofi, kowa ya bi. Sai ka ga mutum talatin a kusurwa ɗaya, kamar yaran unguwa a kan ƙwallon tsumma, sauran fili fayau. A riƙe wannan, a danne wancan, alƙali ya busa, ya jefa ƙwallo sama, a sake dannewa a wuri guda. A 2000 ƙungiya kan ci sama da maki 100 a wasa in an yi matsakaici. A 2019 abin ya sauko kusan 80. Tun da Lance Franklin ya yi a 2008, ba a sake samun ɗan wasan da ya ci ƙwallo 100 masu maki shida a kaka ɗaya ba.

Abin da ya fi komai daraja a gidan nan shi ne abin da ake yi lokacin dogon hutu na tsakiyar wasa. Kyamara ƙwallo take bi, ba ta nuna maka inda sauran mutane suke. Sai mai gidan ya rage sauti, ya durƙusa a kan siminti a gaban benci na farko, inda ya zana filin da alli, da murabba'in tsakiya da layin da ke nisan mita 50 daga turaku a kowane ɓangare. Yana da gwangwanin madara cike da marafan kwalba, ja 18, kore 18. Ya jera su ɗaya bayan ɗaya, shida a gaba, shida a tsakiya, shida a baya, yadda dokar 2019 ta ce a tsaya duk lokacin da za a tashi wasa daga tsakiya. Sannan ya sa gefen hannunsa ya share su gaba ɗaya zuwa gefe guda, ya ɗago ya dube ni. "Malam, diba nan. Daƙiƙa ashirin, wagga doka ta ƙare aikinta."

Gaskiya ya faɗa, kuma ni ma ra'ayina ke nan. Dokar shida-shida-shida tana aiki ne a farkon kowane zango daga zango huɗun wasan da kuma bayan an ci maki shida. Ta yi amfani a wuri ɗaya: ƙungiyar da ke gaba da 'yan maki a mintin ƙarshe ba za ta iya tura kowa baya tun kafin a tashi ba, don haka ƙarshen wasa ya ƙara zafi. Amma a shekarar da aka kawo ta maki bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi a kan na 2018. Ba kuma wannan ne karon farko ba. Tun 1973 aka zana wa tsakiyar fili iyaka, aka mai da ita murabba'i a 1975, mutum huɗu kawai daga kowane ɓangare, duk don maganin cincirindo.

Akwai wani dattijo, tsohon ma'aikacin jinya, da ke zama kusa da fanka. Shi a wurinsa maganin yana ga rage canji. A wannan wasa ɗan wasa kan fita ya huta ya dawo, kuma kafin a sa iyaka ƙungiyoyi kan haura canji 130 a wasa ɗaya. Aka ƙayyade 120 a 2014, aka rage zuwa 90 a 2016, sannan 75 a 2021. Hujjar Baba ita ce, in mutum ya gaji ba zai iya bin ƙwallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan ba, dole ya tsaya wurinsa. Na ce masa, "Baba, na ga gajiyayyun yara a fili ba adadi. In suka gaji ba buɗewa suke yi ba, baya suke komawa su taru, kuma bugunsu ya lalace." Koci mai tsoron a ci shi, in ya ga mutanensa sun gaji, rage saurin wasa zai yi. Baba bai yarda ba. Ya ce in duba zango na huɗu, a nan ake ganin fili ya buɗe. Ranar da muka yi wannan magana kuwa zango na huɗun ya buɗe, ya juyo ya kalle ni, ni kuma na ce wasa ɗaya ba ya yanke hukunci. Har yau ba mu daidaita ba.

Dokar tsayuwa ta 2021, wadda aka kawo lokacin da Steve Hocking ke riƙe da sashen wasa na hukumar, ita ce ta fi raba kan 'yan kallo. Wanda ke tsaye a gaban mai bugu, da zarar alƙali ya ce ya tsaya, ba shi da ikon matsawa gefe. In ya motsa, a matso da mai bugu mita 50 gaba. Samari suna son ta, don ta ba mai ƙwallo damar zagayewa ya bi ta tsakiyar fili da gudu. Na yarda ta ƙara sauri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne nauyin hukuncin. Taku ɗaya a ce mita 50, sau da yawa kyautar maki shida ke nan. Duk wanda ya taɓa riƙe usur ya san hukuncin da ya fi laifi girma alƙali yake jawo wa baƙin jini.

Wasu a gidan suna so a tilasta wa kowace ƙungiya barin mutum biyu ko uku a cikin layin mita 50 duk lokacin da wasa ya tsaya, irin yadda aka yi a gasar matasa 'yan ƙasa da shekara 18. Wannan ban goyi baya ba sam. Tun 2023 alƙalai huɗu ne a cikin fili, kuma aiki ya riga ya yi musu yawa. A ƙara musu ƙidayar kawuna a kowace tsayawa, wasan ne zai ƙara tsayawa. Ga shi kuma 'yancin zuwa ko'ina shi ne ya bambanta wasan da sauran tun da aka rubuta dokokinsa a Melbourne a 1859.

Ni abu biyu nake gani. Na farko a rage mutane zuwa 16. Ba baƙon abu ba ne: gasar mata ta AFLW da 16 take wasa, kuma tsohuwar gasar VFA ta yi haka daga 1959 zuwa 1992. Mutum huɗu sun bar fili, ba sabon layi, ba sabuwar ƙidaya. Da na faɗi haka mai gidan ya cire marafa huɗu daga zanensa, ya ce koci zai cire na gaba ne ya bar cunkoson yadda yake. Na ce ko da haka, wanda ya kuɓuta daga cikin taron zai tarar da ƙarancin masu tare shi. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, a yi aiki da dokar riƙe ƙwallo da ake da ita. Yanzu in aka kama ɗan wasa kafin ya samu damar rabuwa da ƙwallo, ba laifi, sai a jefa sama. 'Yan wasa sun gane wannan, suna rungume ƙwallo su faɗi don a tsaya mutanensu su taru. Alastair Clarkson, kocin Hawthorn na lokacin, ya yi wannan ƙorafi a 2020, bayan wasan Hawthorn da North Melbourne, cewa yaransa sun yi ta kamu ba a ba su bugu ba. In mutum ya san faɗuwa a kan ƙwallo bugu zai jawo wa ƙungiyarsa, da kansa zai doke ta waje. Haka dokar da Kudancin Ostireliya ta fara a gasarta a 2016 take aiki, wato wanda ya buga ƙwallo ta fita, abokan hamayya ake ba. Tana rage tsayawa ba tare da an ce wa kowa ga inda zai tsaya ba.

Gidan yana da nasa matsalolin. Rufin kwano ne ba silin, kuma kakar wasan tana farawa ne a tsakiyar zafin Sakkwato. A Afrilu da Mayu, daga sha ɗaya na safe zama sai mai haƙuri, fanka biyu ba su isa ba. In an ɗauke wuta akwai sola, majigi ba ya mutuwa, amma fanka ɗaya ake kashewa. Da damina in ruwa ya sauko sabis kan yi rauni, hoto ya daskare, wani lokaci daidai ƙwallo na sama. Benci na baya ba shi da majingina. Wasan Juma'a kuma yana ƙarewa ne dab da lokacin masallaci, shi ya sa mai gidan ke kashewa kafin ƙarshe, ya nuna zango na huɗu bayan an sauko. Wannan na yaba masa, sai dai a roƙi masu waya su daina faɗin sakamako. Sharhin da Turancin Ostireliya ake yi, mai sauri ƙwarai, don haka sabon zuwa ya nemi benci na gaba kusa da mai gidan, yana fassarawa ba tare da gajiya ba.

Mutanen safe ba su da yawa, ba caca, ba zagi, za ka iya zuwa da ɗanka. Yawanci Richmond suke goyon baya saboda Bachar Houli, Musulmin da ya ɗauki kofi da ita a 2017 da 2019 da 2020. Akwai masu bin Port Adelaide saboda Aliir Aliir, ɗan asalin Sudan ta Kudu da aka haifa a sansanin Kakuma a Kenya.

A ganina naira 200 ba ta yi yawa ba, ko don bayanin nan na hutun tsakiya kaɗai. Wanda zai fara, ya zo ranar Asabar wasan goma da rabi, ya zo da wuri don ya samu gefen fanka. Wasan ƙarshe kuma, wanda aka saba bugawa a filin MCG na Melbourne a Asabar ta ƙarshen Satumba da biyu da rabi na rana agogon can, a nan biyar da rabi na asuba yake kamawa. Mai gidan ya ce ranar sai an idar da salla zai buɗe, ya kunna daga farko, kuma kuɗin shiga zai koma 300 saboda har da shayi.