Gargaɗi Kan Masu Damfara da Sunan Bibiyar Yaɗuwar Annoba

Duk lokacin da labarin ɓullar wata cuta mai yaɗuwa ya karaɗe duniya, 'yan damfara kan riga asibitoci kammala shiri. Sun gane cewa mutumin da ke cikin fargaba yana ƙishirwar sanin abu biyu: ina cutar ta kai, kuma shin ta kusanto shi ko iyalinsa? A kan waɗannan tambayoyi biyu suka gina sana'arsu, inda suke shiga rigar jami'an lafiya masu bibiyar waɗanda suka yi mu'amala da mai cutar, ko kuma su rarraba taswira da manhajar bogi da sunan nuna yadda annoba ke bazuwa. Ina rubuta wannan gargaɗi ne saboda dabarar da suka ƙware a kanta lokacin korona ba ta mutu ba, sunan cutar kawai suke sauyawa, kuma duk wanda bai san yadda aikin bibiya na gaskiya yake tafiya ba, yana iya faɗawa hannunsu.

Ya kamata a fara da sanin aikin na gaskiya, domin ta nan ne ake gane na jabu. Idan gwaji ya tabbatar da cewa mutum ya kamu da cuta mai yaɗuwa, jami'in lafiya yakan tattauna da shi don ya san inda ya je da kuma mutanen da ya zauna da su a kwanakin da yake iya yaɗa cutar. A lokacin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wanda ya yi gaba da gaba da mai cutar a tazarar da ba ta wuce mita ɗaya ba, na fiye da minti 15, a matsayin wanda ya kamata a bibiya, kuma ana fara lissafi ne daga kwana biyu kafin alamu su bayyana. A farkon annobar an riƙa neman irin waɗannan mutane su killace kansu na kwana 14, yayin da a cutar Ebola akan sa ido a kansu har kwana 21. Abin da jami'in ke buƙata daga wanda ya kira bai wuce tabbatar da sunansa, da jin ko yana da zazzaɓi ko tari, da sanin waɗanda yake zaune da su, sannan ya ba shi shawarar inda zai je gwaji da abin da zai yi idan jikinsa ya tsananta. Babu gurbin kuɗi a cikin wannan aiki daga farkonsa har ƙarshensa. Sanin lambar katin bankin mutum ba ya ƙara wa jami'in lafiya ko da ƙwayar zarra ta sani game da inda cuta ta bi.

To, ga yadda na jabun yake zuwa. Saƙon tes ne ko kiran waya, wani lokaci ta WhatsApp ko imel, ana sanar da mutum cewa ya yi mu'amala da wani da aka tabbatar yana ɗauke da cutar, don haka dole ne a yi masa gwaji cikin gaggawa. Mai kiran yakan yi magana cikin natsuwa da ladabi, ya ambaci sunan hukumar lafiya, har ma ya ƙi faɗin sunan majinyacin yana mai cewa doka ta hana, wanda kuwa haka jami'an gaskiya ma suke yi, shi ya sa maganar take shiga. Bayan ya ga hankalin mutum ya tashi, sai ya ce za a aiko da kayan gwaji har gida, amma akwai ɗan kuɗin aikawa da za a biya nan take ta kati. Kuɗin da yake ambata ƙanƙani ne da gangan, don kada a yi jayayya. Abin da yake hari shi ne lambobin katin, da ranar ƙarewarsa, da lambobi ukun da ke bayansa, sai kuma lambar sirrin da banki zai turo a waya, wadda zai roƙa a karanta masa da sunan tabbatar da rajista. Da zarar an karanta, asusun ya zama nasa.

An ga wannan ƙarara a Birtaniya. Ba a jima da ƙaddamar da shirin gwaji da bibiya na hukumar lafiyar ƙasar a Ingila a ƙarshen watan Mayun 2020 ba, sai aka fara gargaɗin jama'a game da masu kira da sunan shirin suna neman kuɗi, alhali shirin kyauta ne. Da sabon nau'in korona mai suna Omicron ya bayyana a watan Nuwamban 2021, cikin 'yan kwanaki aka fara ganin saƙonnin imel masu ɗauke da tambarin hukumar, suna tallar wani gwaji na musamman wai na sabon nau'in, suna kai mutane wani shafi da ke karɓar suna da adireshi da bayanan banki. A Amurka ma hukumar kare masu sayayya ta tarayya ta fitar da gargaɗi irin wannan game da saƙonnin tes na masu bibiyar bogi. Saurin da suka yi wajen amfani da sunan Omicron shi ne ya fi tayar min da hankali, domin yana nuna cewa suna bin labarai sau da ƙafa, kuma shafukansu a shirye suke, sabon suna kawai suke jira.

Hanya ta biyu ta fi wannan wayo, saboda ba ta neman kuɗi a fili. A ranar 22 ga Janairun 2020, masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore a Amurka suka buɗe wata taswira a intanet mai nuna adadin waɗanda suka kamu da korona da waɗanda suka rasu a kowace ƙasa. Taswirar ta shahara har gidajen labarai da gwamnatoci suka dogara da ita. Kafin a kai tsakiyar watan Maris, wato daidai lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya a ranar 11 ga watan, masana tsaron intanet sun gano cewa masu kutse sun kwaikwayi taswirar sun mayar da ita fayil da ake saukewa a kwamfuta. Wanda ya sauke zai ga taswira sak irin ta asali, da jajayen ɗigogi da alƙaluma, amma a ƙarƙashinta akwai wata muguwar manhaja mai suna AZORult da ke kwashe kalmomin sirri da bayanan da aka adana a kwamfutar tana tura wa masu ita. Taswirar asali shafi ce da ake buɗewa a kalla kawai, ba ta taɓa buƙatar a sauke komai ba.

A wannan watan ne kuma aka gano wata manhajar wayar Android da aka laƙaba wa suna CovidLock. An tallata ta ne a matsayin mai sanar da mutum idan akwai mai cutar a kusa da shi. Bayan an sauke ta an ba ta izinin da ta nema, sai ta kulle wayar ta nemi kuɗin fansa dala 100 a kuɗin intanet na Bitcoin cikin awa 48, tare da barazanar goge hotuna da lambobin da ke ciki. Masu bincike sun samo lambar buɗe ta daga baya sun wallafa, amma alƙawarin da ta yi ya cancanci a tsaya a kansa, domin har yanzu da irinsa ake jan mutane. Babu wata manhaja ta halal da za ta nuna maka gidan mai cuta ko sunansa, saboda a ƙa'ida hukumomin lafiya ba sa sakin bayanan majinyata ga jama'a. Tsarin da kamfanonin Apple da Google suka sanar a watan Afrilun 2020 ya yi amfani da Bluetooth ne wajen musayar lambobi marasa suna tsakanin wayoyin da suka kusanci juna, ba ya bin inda mutum yake, kuma hukumomin lafiya na gwamnati kaɗai aka ba damar gina manhaja a kansa. Manhajojin da aka gina a kansa, kamar ta Jamus da ta Ingila, kyauta aka bayar da su a rumbunan manhaja na hukuma. Saboda haka duk wanda ya turo maka mahaɗi a saƙo ya ce ka sauke manhajar da za ta nuna maka masu cuta a unguwarku, kura ce da fatar akuya.

Girman abin ba ƙarami ba ne. A watan Afrilun 2020 kamfanin Google ya bayyana cewa yana tare saƙonnin imel kusan miliyan 18 a kowace rana masu ɗauke da muguwar manhaja ko tarkon satar bayanai da sunan korona. Da yawa daga irin waɗannan saƙonni da sunan Hukumar Lafiya ta Duniya suke zuwa, har hukumar ta fito ta bayyana cewa ba ta neman kalmar sirrin kowa, ba ta tura fayil ga wanda bai nema ba, ba ta karɓar kuɗi don neman aiki ko rajistar taro, kuma ba ta raba kyaututtuka ta imel. Adireshin imel ɗinta da who.int yake ƙarewa, kodayake ko wannan ma ana iya ƙirƙirar kamarsa, don haka ganin sunan kawai bai isa hujja ba.

Masu sayar da kayan jabu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da waɗannan. A wani samame da hukumar 'yan sandan ƙasa da ƙasa ta Interpol ta jagoranta a ƙasashe 90 a watan Maris na 2020, an kama mutum 121 tare da ƙwace takunkuman fuska na jabu da magunguna marasa izini, kuma a watan Maris na 2021 hukumar ta sanar da kama allurar rigakafi ta jabu a Afirka ta Kudu da China. Kayan gwajin da mai kiran bogi ke alƙawarin aikowa galibi ba sa zuwa, idan kuma sun zo, sakamakonsu ba abin dogaro ba ne.

Asarar kuɗi tana da ciwo, amma a ganina ɓarnar da ta fi girma ita ce wadda ake yi wa aikin bibiyar kansa. Wannan aiki a kan amana yake tsaye gaba ɗaya, domin jami'i baƙo ne da ke kiran mutum yana tambayarsa inda ya kwana da waɗanda ya gana da su. Idan mutane suka saba jin cewa masu irin wannan kira ɓarayi ne, sai su daina ɗaukar waya, ko su ɗauka su ɓoye gaskiya. Kowane kira na gaskiya da aka katse yana nufin akwai wani da ya kamata a sanar da shi ya killace kansa amma ba a same shi ba, kuma zai ci gaba da shiga cikin jama'a, har da tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini waɗanda cutar ta fi yi wa illa. Alƙaluman da hukuma ke dogara da su wajen yanke shawarar inda za a kai ma'aikata da gadaje da iskar numfashi su ma sai su gurgunce. Don haka ba ina kira ne a riƙa ƙin amsa wa jami'an lafiya ba, wannan ma taimaka wa annoba ne. Ina kira ne a tantance, sannan a ba da haɗin kai.

Tantancewar ba ta da wahala. Idan aka kira ka, ka saurara, ka nemi sunan mai kiran da sashen da yake aiki, sannan ka ce za ka sake kira. Ka nemo lambar hukumar da kanka daga shafinta na hukuma ko daga asibitin da ka sani, kada ka yi amfani da lambar da mai kiran ya ba ka ko wadda ta bayyana a fuskar wayarka, domin akwai hanyoyin sa lambar ƙarya ta fito kamar ta hukuma. Jami'in gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Ɗan damfara kuwa zai fara matsa lamba, ya ce lokaci na ƙurewa, ko ya yi barazanar tara ko kamu idan ba a biya yanzu ba, kuma wannan matsin shi kansa shaida ne a kansa. A ƙasashen da ake biyan kuɗin gwaji, ana biya ne a wurin gwajin da aka amince da shi, ba a waya ga wanda ya kira ka ba tare da ka neme shi ba. Alƙaluman yaɗuwar cuta kuma a duba su kai tsaye a shafin Hukumar Lafiya ta Duniya ko na ma'aikatar lafiyar ƙasa, ta hanyar rubuta adireshin da hannu.

Wanda ya riga ya bayar da bayanan katinsa ya kira bankinsa nan take a toshe katin, kada ya jira ya ga an cire kuɗi, domin wani lokaci sukan jinkirta kwanaki kafin su taɓa asusun. Wanda ya sauke fayil ko manhaja ya cire na'urar daga intanet, ya sauya kalmomin sirrinsa daga wata na'ura daban, yana farawa da na imel saboda ta nan ake sake buɗe sauran asusun, sannan ya kai rahoto ga 'yan sanda da kuma hukumar da aka yi amfani da sunanta. Ya kuma yi hattara da kira na biyu, domin sau da yawa mutanen nan kan dawo bayan 'yan kwanaki a matsayin ma'aikatan banki masu son taimaka masa ya dawo da kuɗinsa, su nemi ya mayar da abin da ya rage zuwa wani asusu da suka kira amintacce.

A sani kuma cewa Jami'ar Johns Hopkins ta daina tattara sababbin alƙaluman korona tun ranar 10 ga Maris na 2023, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa na duniya a kan cutar a ranar 5 ga Mayun shekarar, sannan a watan Agustan 2024 ta ayyana irin wannan mataki a kan cutar ƙyandar biri. Duk saƙon da ya zo yau yana tallar taswirar korona ta wannan jami'a mai sabuntawa kai tsaye ƙarya ne, kuma idan saƙon ya zo da sunan ƙyandar biri ko wata sabuwar cuta yana neman a sauke fayil ko a biya kuɗin aikawa, a goge shi, a kuma sanar da iyaye da tsofaffin gida.