Gidan rainon da ba a barin uwa ta sulale

Ƙaramin gidan rainon yara ne a wani lungu da ke kusa da titin Bauchi, nan Jos, ɗaki biyu da tsakar gida. Can nake ajiye 'yata tun tana wata 7, in wuce makarantar da nake koyarwa. Abin da ya riƙe ni a wurin shi ne Hajiyar da ke da gidan ba ta yarda uwa ta sulale. Mu kuwa haka muka taso muka gani, a ɗauke hankalin yaro da biskit, uwa ta bi ta bayan ƙofa.

A nan dole ki tsaya. Anti za ta saɓo yarinyar zuwa bakin ƙofa, ta kama hannunta tana kaɗawa: "Yi wa Mama bai-bai, a dawo lafiya." Ke ma ki ɗaga hannu, ki ce sai anjima, ki juya. Kullum kalmomin ke nan, kullum a wuri ɗaya. In kuka ya sa ƙafarki ta yi nauyi, Hajiya za ta ce, "Malama, je ki abinki. Wadda ake gudu a bari ba sallama, gobe ko banɗaki ba za ta bar ki ki shiga ba."

Na yarda da ita. Wajen wata 8 zuwa 9 ƙiwa ke kama yara, lokacin da suka fara gane cewa uwa tana nan ko da ido bai ganinta. Ɗaga hannu kuwa yawanci tsakanin wata 9 da 12 yake zuwa, kafin baki ya buɗe, kuma da kwaikwayo ake koyonsa. Tawa da buɗe yatsu da dunƙule su ta fara, tafin hannun na kallon fuskarta, kamar kanta take yi wa sallama. Wani lokaci sai na sha kwana take ɗagawa, Anti ce ke ba ni labari da yamma. Yanzu mayafi kawai za ta ga na yafa, hannu ya tashi.

Inda suka gaza shi ne sanyi. Leda ce kawai a kan siminti, ga yara masu rarrafe, ga hunturun Jos a watan Disamba. Talabijin ma ba ya hutawa, abin da ba na so ga jarirai. Mai niyyar kai ɗanta ta haɗa da safa da hula, ta kuma tambayi yara nawa kowace Anti ke kula da su kafin ta biya kuɗin wata.