Ajin yamma na lissafin diskirit a Unguwar Rimi: abin da na gani

Akwai wata cibiyar ƙarin darasi a Unguwar Rimi, a saman wani bene, wadda ɗaliban kwamfuta na Kaduna ke yawan ambata idan jarrabawar lissafin diskirit, wato lissafin abubuwan da ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya, ta matso. Na yi zango guda a ajinta na yamma, kuma 'yan ajinmu na makaranta sun dame ni da tambayar ko kuɗin da ake biya duk wata yana fita. Yana fita, musamman ga mai son ya gane darasin har zuci. Wanda yake neman a ba shi amsoshin tsofaffin jarrabawa ya haddace, gara ya riƙe kuɗinsa, don Malamin da ke wurin ba ya karɓar amsa sai da hujjarta.

Babin saiti, wato tarin abubuwa da aka haɗa wuri ɗaya, bai ɗauki lokaci ba. An zana da'irorin Venn, waɗanda ake nuna saiti da su a hoto, an yi haɗa saiti biyu da fitar da abin da suka yi tarayya a kai, an ambaci Georg Cantor, Bajamushen da ya kafa wannan fanni da aikinsa na 1874, aka wuce. Wuri ɗaya ya tsaya: me ya sa saiti mai abubuwa 3 yake da ƙananan saiti 8 da za a iya zaɓa daga cikinsa (har da wanda ba komai a ciki da wanda ya kwashe duka), mai abubuwa 10 kuma 1024? Bai bari mu tashi ba sai da wata ɗaliba ta ce ai kowane abu zaɓi biyu gare shi, ko a ɗauke shi ko a bar shi, don haka biyu ake ta ninkawa.

Inda na ga ƙwarewarsa shi ne babin dangantaka. Ya tambayi kowa ƙaramar hukumarsa ta asali, ya rubuta a allo: Igabi, Zariya, Giwa, Kachia, Birnin Gwari, Jema'a, da sauransu. Sai ya ce mu duba dangantakar "'yan ƙaramar hukuma ɗaya ne". Kowa yana da ita da kansa. Idan ina da ita da ke, ke ma kina da ita da ni. Idan ina da ita da ke, ke kuma da wancan, to ni ma ina da ita da wancan. Da zarar sharuɗɗan nan uku sun cika, dangantakar da kanta take raba mutane rukuni-rukuni, ba wanda ya rasa rukuni, ba wanda ya shiga biyu, kuma 'yan asalin jihar Kaduna gaba ɗaya sun kasu 23, adadin ƙananan hukumominta. Sannan ya kawo "ya girme shi", wadda take bin sharaɗi na uku amma ba ta juyawa, da "abokinsa ne", wadda take juyawa amma abokin abokinka ba lallai ya zama naka ba. Aji ya yi ta gardama a kan wannan na ƙarshe, shi kuwa ya bar mu har muka gaji. Daga nan ya nuna mana cewa teburan da muke ƙirƙira a darasin rumbun bayanai dangantaka ce irin wannan, tunanin da Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da shi a 1970. Ni dai tun daga ranar nake kallon darussan biyu a matsayin abu ɗaya.

Fankshin ma, wato dangantakar da take haɗa kowane abu da abu guda tak, da sunayen nan na allo aka yi shi. Haɗa kowane ɗalibi da ƙaramar hukumarsa fankshin ne, tunda kowa guda ɗaya gare shi, sai dai mutane da yawa suna faɗawa wuri ɗaya, wasu ƙananan hukumomin kuma ba su samu kowa ba. Lambar NIN mai alƙaluma 11 ita ce misalin wanda ba a tarayya a cikinsa. Sai ya ce: "Ku tara min 'yan asalin jihar nan 24, ban san ko ɗayansu ba, amma na tabbata akwai biyu daga ƙaramar hukuma ɗaya." Hujjar layi biyu ce kacal, kuma kowa ya iya rubuta ta da hannunsa.

A babin mandiƙi, wato ƙa'idojin tantance gaskiya ko ƙaryar magana, abin da ke kayar da ɗalibai shi ne jimlar "idan kaza, to kaza". Misalinsa mai guga ne da ya ce maka: "Idan aka kawo wuta, zan goge maka kayanka." Yaushe ya saɓa alkawari? Sai idan an kawo wutar ya ƙi gogewa. Idan ba a kawo ba, ko ya goge da dutsen gawayi ko ya bar su a haka, ba ka da abin riƙe shi da shi. Wannan ne ya sa layi ɗaya kawai cikin huɗu yake zama ƙarya a jadawalin gaskiya da ƙarya, wanda yake jera dukkan yanayin da zai iya faruwa. Ya kuma ja kunnenmu cewa ganin kaya a goge ba ya nuna an kawo wuta, amma ganin su ba guga, daga mutumin da ba ya saɓa magana, yana nuna ba a kawo ba. Ƙa'idojin De Morgan, na yadda ake musanta magana mai "da" ko "ko", ma haka ya bi da su: wanda ya musanta cewa ka ci Lissafi kuma ka ci Turanci, cewa ya yi ka faɗi aƙalla ɗaya, bai ce duka biyun ba. Ya gaya mana George Boole ne ya mayar da irin wannan tunani aljabara a 1854, Claude Shannon kuma ya nuna a 1937 cewa da ita za a tsara da'irorin lantarki. Na so a ce ya daɗe a nan, don shi ne ya haɗa allo da injin da ke gabanmu.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Ɗakin ƙarami ne, ga zafi, kuma idan aka tayar da janareta na bayan aji ba ya jin Malam. Babu takardar darasi da ake rabawa, sai hotunan allo a WhatsApp, wasu ma ba sa karantuwa. Ana tashi dab da magariba, wanda ga mu mata masu komawa Rigasa ko Kawo wahala ce, don samun keke a lokacin sai an sha tsayuwa.

Babban ƙorafina shi ne hujjar mataki-mataki, wadda ake tabbatar da magana ga lamba ta farko sannan a nuna idan ta tabbata ga wata lamba za ta tabbata ga mai bi mata. An bar ta sai ƙarshen zango, aka yi misali ɗaya na jimillar lambobi daga 1 zuwa n, wato kowace lamba aka zaɓa, aka rufe. Malamin da ya ba gardamar abota lokaci mai tsawo bai kamata ya yi wa wannan babi gaggawa ba. Na faɗa masa, ya ce yana tunanin ƙara zaman safiyar Asabar domin shi. Duk mai niyyar yin rajista ya tambaya ko an fara zaman kafin ya biya.