Siginar da ta fi ƙarfin rumbu: a yanka shi ko a kwarara zuwa kwamfuta?

Na'urar da ke mayar da sigina zuwa lambobi tana da rumbun ajiya a jikinta, sai dai ƙarami ne. Ɗauki wadda ke ɗibar samfuri (wato awon ƙarfin sigina) biliyan 1 a daƙiƙa, kowanne bait 1, da rumbu mai gigabait 4. Cikin daƙiƙa 4 ya cika fal.

Hanya ta farko ita ce a raba rumbun gida-gida. Na'urar ba ta ɗauka sai sigina ta iso, kamar bugun radar, shirun da ke tsakani kuwa ba ya cin wuri. In kowane bugu samfuri 10,000 ne, rumbun zai haɗiye bugu 400,000. Amma abin da ya gifta cikin shirun ya tafi ke nan.

Ta biyu, a riƙa kwarara bayanan zuwa kwamfuta ta PCIe, wato mahaɗar da ake soka na'ura a cikin kwamfuta, ana cikin ɗauka. Rumbun ya koma randa mai famfo: ana zubawa ta sama, ana ɗiba ta ƙasa. PCIe na 3 mai layi 8 yana kai kusan gigabait 8 a daƙiƙa, don haka ba nan gizo ke saƙa ba. Matsalar faifan ajiya ce. Faifan SSD mai mahaɗar SATA bai wuce megabait 550 a daƙiƙa ba, wajen rabin abin da ake buƙata. Dole sai NVMe, wato nau'in SSD da ya fi sauri. Awa 1 kawai terabait 3.6 ce! Faifan ya ɗan yi tuntuɓe har randa ta tumbatsa, an sami giɓi.

Ni dai in sigina mai zuwa jefi-jefi ce, gida-gida nake zaɓa. Mai gudana ba tsayawa kuwa, kamar sauraron zangon rediyo dare guda, kwarara ce kawai mafita, kuma sai na gwada faifan na tsawon awanni tukuna.