Gargaɗi ga matasanmu na Legas: masu karɓar kuɗi da sunan za su sa ku a fim

Assalamu alaikum. 'Yan uwana mazauna Agege, Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago, ku ba ni aron hankalinku, don abin da zan faɗa a cikin gidana ya faru.

Ni tela ne a Agege. Akwai ɗan yayata da ke zaune a wurina, dogon saurayi mai fara'a. Da farko acaɓa yake yi, da aka hana sana'ar a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a watan Yunin 2022 sai ya koma sayar da caja da murfin waya a bakin Computer Village. Da dare yana ɗan yin bidiyon barkwanci ya ɗora a TikTok. Yaron yana da baiwa, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba.

Wata rana saƙo ya shigo masa ta Instagram. Wai kamfani ne mai zaƙulo sababbin fuskoki, sun ga bidiyonsa, kuma ana shirin wani babban fim da za a sayar wa Netflix, fuskar ɗan Arewa ake nema ruwa a jallo. Shafin nasu cike da hotunan manyan jarumai, mabiya dubbai. Aka ce ya sayi fom naira dubu 15. Ya saya. Aka kira shi tantancewa a wani zauren otal a Ikeja, ya tarar da matasa cike da wurin, aka ba kowa minti biyu a gaban kyamara. Washegari aka aiko masa da taya murna, ya ci. Daga baya muka gano kowa ma ya ci, babu mutum ɗaya da ya faɗi.

Daga nan aka buɗe masa ƙofar biya. Hotuna dubu 60, kuma lallai sai a wurin mai hotonsu. Katin ƙungiya dubu 30. Horon mako biyu dubu 80, wanda aka yi kwana biyu aka ce malamin ya yi tafiya. Jarinsa kaf ya tafi, dubu 185. Ban san komai ba sai ranar da ya tsaya a bakin shago yana sosa ƙeya, ya ce, “Kawu, don Allah ka ranta mini dubu 50 zuwa ƙarshen wata.” Na ce na mene ne? Ya ce na riƙe masa gurbi ne, in bai biya ba kafin ƙarfe shida za a ba wani. Na ce ya kira su ya sa a sifika, in tambaye su sunan darakta da ranar fita aiki. Kafin a kira sallar isha'i sun toshe lambarsa, sun cire shi daga gurup.

Abin da ya sa na gane da wuri shi ne na ɗan san harkar. Masu kula da sutura a fina-finan Legas sukan kawo mini ɗinkin babbar riga da kaftani idan labari ya zo da Bahaushe, kuma na sha kai kaya lokeshan a Surulere da Lekki. Na ga yadda ake ɗaukar mutane. Ko waɗanda ake tarawa don su cika wuri, su zauna a bayan jarumi ba su ce uffan ba, ba a wurinsu ake karɓar kuɗi ba, su ake ba wa. Yana iya zama kaɗan, yana iya makara, amma daga furodusa yake fitowa ya zo hannun ɗan wasa.

Ku je mayankar Oko-Oba ku kalli dillalin shanu. Yaushe yake karɓar la'adarsa? Sai ciniki ya faɗa, kuɗi sun shiga hannu. To haka ejan na gaskiya, wato dillalin 'yan wasa, yake. Ya samo maka aiki, a biya ka, ya cire kasonsa, galibi tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, na masu tallar kayan sawa ya fi karkata ga 20. In ba ka samu aiki ba, shi ma bai ci ba, shi ya sa yake yi maka fafutuka. Wanda kuwa ya riga ya karɓe kuɗinka tun kafin a kunna kyamara, me zai sa ya wahala a kanka? Ya gama cin kasuwarsa. Kai ne hajar, da kai da sauran ɗaruruwan da suka cika zauren nan.

Kada a fahimce ni a baibai, akwai kuɗin da ake kashewa na halal a wannan sana'a. Makarantar koyon wasa tana karɓar kuɗin makaranta, amma ilimi take sayarwa, tana da aji da malamai da ɗaliban da suka gama da za ka iya nema ka tambaya, kuma ba ta rantse maka cewa za ka fito a fim. Hoto mai kyau ana buƙatarsa, sai dai kai za ka zaɓi mai ɗaukarka, ka yi ciniki. Ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, AGN, tana da rajistarta, haka MOPPAN ga masu harkar fim ɗin Hausa, amma da ƙafarka za ka je ofishinsu ka biya a ba ka risit, ba wani ne zai tsaya a tsakiya ya ce ka turo masa ba. Kuma katin ƙungiya bai taɓa zama tikitin samun rol ba.

Da na zauna na bi saƙonnin yaron ɗaya bayan ɗaya, alamun duk suna nan. Kuɗin da ya tura, asusun mutum ɗaya suka shiga, ba na kamfani ba, kuma sau biyu ana canza sunan mai asusun. Ofis babu, sai zauren haya na yini guda. Kullum cikin gaggawa ake, yau ne ko a rasa. Yabo kuwa har ya wuce misali, wai shi ne zai gaji manyan jaruman Arewa da suka yi suna a Kano da Legas, alhali ko layi ɗaya ba a ba shi ya haddace ba. Mun shiga shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, inda kowa zai iya binciken suna kyauta, ba mu ga sunansu ba. Amma ku sani, ko da an ga suna, hakan bai wanke su ba, domin ɗan damfara ma yana iya yin rajista. Abin da ba ya iya ƙirƙira shi ne ɗan wasa mai rai da zai ce maka, ni ta hannunsu na samu aiki kaza, an biya ni kaza. Ka nemi irin wannan mutumin da kanka, ba lambar da su suka ba ka ba. Har fom ɗin nasu yana neman BVN da NIN. Mai ɗaukar ɗan wasa lambar asusu kawai yake buƙata ranar biya, kuma lambar sirrin da banki ke turowa waya ba a karanta wa kowa ita.

Na 'yan mata ya fi tayar mini da hankali, don su ba a kuɗi kaɗai ake tsayawa ba. A gurup ɗin da yaron yake ciki, an riƙa bin mata ta bayan fage ana cewa su turo hoto babu kaya wai don a auna jiki, ko su zo tantancewa ta musamman a ɗakin otal da dare. Duk wadda ta tura, ta shiga hannu: ko ta biya, ko a watsa a unguwa, a tura wa mahaifinta. Akwai kuma masu alkawarin aikin talla a Dubai ko Italiya, a ce kawo fasfo mu yi miki biza. Wannan hanya ce da masu safarar mutane suka daɗe suna bi, kuma saboda irinta aka kafa hukumar NAPTIP a 2003. Ƙanwata, babu tantancewar gaskiya da ake hana ki zuwa da yayanki ko ƙawarki. Da zarar an ce ki zo ke kaɗai, ki fasa.

A nan ne nake ganin mu manya muna da namu laifin. Na tambayi yaron me ya hana shi gaya mini tun ranar fom. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Kawu, ai na san cewa za ka yi na lalace, ka kira Hajiya a gida.” Kuma gaskiya ya faɗa, da haka zan yi. Kallon da muke yi wa harkar fim ya sa yaranmu suna yin komai a ɓoye, kuma wannan ɓoyon shi ne gonar macuta. Sun san yaron Bahaushe ba zai tambayi babba ba kafin ya biya, sun san in an cuce shi kunya ba za ta bar shi ya kai ƙara ba, balle yarinya. Ko kana son ɗanka ya yi fim ko ba ka so, ka bar masa ƙofar da zai kawo maka takarda ka duba. Ni da na ga saƙon farko, da minti biyar ya ishe ni.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya goge komai don haushi. Ka ɗauki hoton hirarrakin, da alat ɗin banki, da sunan asusun da lambobin waya. Ka garzaya bankinka a ranar, domin in an yi sa'a kuɗin ba su fita ba ana iya riƙe asusun. Sannan ka kai koke ofishin EFCC da ke titin Awolowo a Ikoyi, ko sashen 'yan sanda mai yaƙi da zamba da ke titin Milverton. Wannan laifi ne mai suna a doka, shi ne sashe na 419 da kowa ke ambata, ga kuma dokar zambar kafin alƙalami ta 2006. Idan kun kai ku biyar ko goma, ku tafi tare, an fi saurarar taro. Wadda ake yi wa barazana da hoto kada ta biya ko sisi, biya ba ya kashe maganar, sake dawowa suke yi. Ta gaya wa wata babba da ta amince da ita, a je hukuma tare. Ina kuma roƙon limamanmu da fadar Sarkin Hausawa su taɓo batun nan a wuraren taro.

Mu mun kai namu koken, har yau ko naira ba ta dawo ba, yaron kuma na haɗa masa ɗan jari ya koma bakin kasuwarsa. Makon jiya ya nuna mini wayarsa: shafin nan ya canza suna, hotunan dai su ne, kuma yanzu da Hausa suke rubuta tallar, suna neman yara 'yan shekara 8 zuwa 15, wai iyaye su biya kuɗin fom.