Kilo shida da na ɗauko daga gida

Kwana goma bayan dawowata daga Zariya na hau sikelin asibitin unguwarmu a nan Bamingham, sai ya nuna kilo 94, alhali kuwa da kilo 88 na bar Ingila makonni shida kafin nan. Na sauko na zauna kaina a sunkuye ina jiran faɗa, domin abin da na saba gani a gida ke nan idan majinyaci ya saɓa wa umarnin likita. Nas ɗin, wata dattijuwar Baturiya, ta rubuta adadin ba tare da ta canza fuska ba, sannan ta juyo da kujerarta ta ce in ba ta labarin duk abin da na ci a yini ɗaya na biki, tun daga karin kumallo har kwanciyar barci. Da na ambaci tuwo ta tambaye ni da me ake yin sa, ta sa na kwatanta mata girman malmala da dunƙulen hannuna, ta tambayi guda nawa nake ci, da kuma yawan man da ake zubawa a miyar taushe. Ta ce sake ƙara nauyi abu ne da suke sa ran gani ga kusan duk wanda ya rage ƙiba, abin da suke gudu kawai shi ne mutum ya ji kunya ya daina zuwa.

Asalin maganar shi ne an gano ina da ciwon suga nau'i na biyu ina da kilo 104, likita ya tura ni wani shiri na hukumar lafiya ta NHS wanda aka fara gwadawa a Ingila a 2020. Makonni 12 na farko ba na cin komai sai wani gari da ake damawa kamar kunu da wata miya ta cikin leda, kalori (ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki) 800 zuwa 900 a rana, an kuma dakatar mini da ƙwayar suga tun ranar farko. Daga nan aka riƙa mayar mini da abinci kaɗan-kaɗan har shekara ta cika, ban biya ko sisi ba. Shirin ya samo tushe ne daga binciken DiRECT na Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Newcastle da Farfesa Mike Lean na Jami'ar Glasgow, wanda aka buga sakamakonsa a 2017: kashi 46 cikin ɗari na waɗanda suka bi tsarin sugansu ya daidaita ba tare da magani ba bayan shekara ɗaya, amma a shekara ta biyu adadin ya sauko zuwa kashi 36, kuma galibin waɗanda ciwon ya dawo musu su ne waɗanda nauyin ya dawo musu. Nas ɗin ta ƙara fahimtar da ni cewa jikin da ya rame yakan rage yawan abincin da yake ƙonawa, sinadarin da ke tayar da yunwa kuma ya ƙaru ya daɗe a haka, saboda haka yunwar da nake ji ba kwaɗayi ba ce. Wannan kalma ta sanyaya mini rai ƙwarai.

Abin da ban iya gaya mata ba, domin ban san yadda zan sa ta gane ba, shi ne abin da ya faru a tsakar gidanmu ranar kamun auren ƙanena. Na shigo gaida iyaye mata, tsakar gida cike da jama'a, sai Gwaggo ta kama hannuna ta ɗaga shi sama tana juya tsintsiyar, ta ce, “Ɗan nan, don Allah gaya mini gaskiya, wane ciwo ne ya cinye ka haka? Ko matarka ce ba ta ba ka abinci?” Na durƙusa na ce, “Gwaggo, lafiyata ƙalau, likita ne ya sa na rage jiki.” Ta saki hannun tana share hawaye da gefen mayafi, ta ce ita ba ta taɓa jin likitan da ke ramar da mai lafiya ba. Na ga yadda matan suka riƙa kallon juna, kuma na san sunan ciwon da suke ambata a zuci. Tun daga ranar na shiga cin abinci don in wanke kaina da matata daga zargi: masa da safe, shinkafa da rana, tuwo malmala biyu da dare, ga alkaki da nakiya da dubulan, ga lemon kwalba a duk gidan da na shiga gaisuwa, kuma wanda ya ƙi sha an ce ya raina masu gida.

Ƙauna ce ta sa Gwaggo kuka, ban taɓa shakka ba. Amma dole mu gaya wa kanmu cewa wannan ɗabi'a tamu ta auna jin daɗin mutum da girman teɓarsa tana kai mutane kabari. Magidanci ya yi tumbi a ce ya samu hutu, ya rage jiki a ce ko karayar arziki ce ko muguwar cuta, sai mai ciwon suga da hawan jini ya zaɓi yardar jama'a a kan lafiyarsa. Wanda ya ƙudurta ragewa kuma, masu shayin rage ƙiba ne ke jiransa a Facebook da bakin kasuwa da lasifika, su sayar masa da abin da zai sa shi gudawa kwana uku, babu wanda zai auna shi kafin ya sha, balle bayan wata shida a tambaye shi yadda ya ƙare.

Kada wani ya ɗauka nan aljanna ce. Ranar da shekarar shirin ta cika, mai ba ni shawara ta daina kira, garin da ake ba ni kyauta ya koma na saye, kuma samun ganin likita a asibitin namu sai mutum ya riƙe waya tun ƙarfe takwas na safe yana bin layi, wani lokaci a ce masa gurbi ya ƙare. Takardar abincin da aka ba ni ba ta san tuwo ba, ba ta san ɗanwake ba, sai burodi da dankalin Turawa da taliya. A kanti kuwa kwalin biskit ya fi ɗan ƙullin alayyafo arha, an kuma jera shi inda ido zai fara sauka. A watan Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, ga ruwa ga sanyi, sai mutum ya tashi daga aiki ya tarar da duhu, tafiyar ƙafar da aka umarce shi ta gagara. A irin wannan yammaci nakan tuna kwaɗon zogale da rama na ƙofar gidanmu, da yalo da gurji da ake sayarwa a faranti, da tattakin da muke yi zuwa masallaci sau biyar ba tare da mun kira shi motsa jiki ba. Abincin da ake nema a nan da tsada mu a banza muke da shi, muka bar shi muka rungumi taliyar leda da madarar gwangwani.

Abin da Turawa suka fi mu shi ne awo. Yawancin kayan kanti suna ɗauke da alama a gaban kwali, ja ko ruwan ɗorawa ko kore, mai nuna yawan suga da gishiri da mai, ta yadda ko wanda bai yi boko mai zurfi ba zai gane. Tun watan Afrilun 2022 doka ta wajabta wa manyan gidajen abinci rubuta kalori a gefen kowane abinci, kuma tun 2018 aka ɗora haraji a kan lemo mai suga, har kamfanoni da dama suka rage sugan da kansu. Kowace Asabar da ƙarfe tara na safe ana yin parkrun a filayen shaƙatawa, wato gudu ko tattakin jama'a na kilomita biyar kyauta, tsofaffi da masu tura keken jarirai duk suna ciki, kuma ba a yi wa na ƙarshe dariya.

Yarjejeniyar da muka yi da nas ɗin ba ta da yawa. Ina hawa sikeli kowace Juma'a da safe in rubuta, tuwo malmala ɗaya wadda ba ta wuce dunƙulen hannuna ba, rabin farantin kuma ganye, idan na ga ƙarin kilo biyu in ɗauki mataki a makon ba sai ya kai shida ba. Wata huɗu ke nan, na sauko zuwa 90, gwajin jini kuma ya nuna sugan bai dawo ba, alhamdu lillahi. Makon jiya na kira Gwaggo, bayan gaisuwa ta tambaye ni ko na ɗan mayar da jiki, na ce mata da sauƙi. Na riga na ba ƙanena kuɗin na'urar awon suga da ta hawan jini, na roƙe shi ya fara da ita, domin a bikin na lura tana yawan shan ruwa tana kuma kukan ƙafafunta suna mata zafi da dare.